Wa Ya Tuɓe Wa Waƙar Hausa Riga?

Watan jiya aka gayyace ni walimar saukar Alƙur'ani a nan unguwarmu, Unguwar Dosa. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗaura wata ƙatuwar bana da aka buga da kwamfuta, hotunan yaran a jere kamar fastar 'yan takara. Ba laifi, sha'ani ya yi kyau, an ci an sha, Allah Ya yi wa karatun albarka. To amma ni abin da ya tsaya mani a rai shi ne wani allo da na hango jingine a bayan kujerar wani dattijo, kakan ɗaya daga cikin 'yan saukar. Allon zayyana ne, nasa na sauka, ya ce a Zariya aka yi masa shi tun Sardauna yana Firimiya. Ya ɗauko shi ne don jikarsa ta riƙe a ɗauke ta hoto. Mai hoto ya dube shi ya ce wai allon ya yi duhu, ba zai fito ba, gara ta riƙe takardar shaida da aka sa a gilas. Haka kuwa aka yi.

Na matsa na ce, "Baba, a ba ni in gani mana." Ya miƙo mani yana murmushi. Mai karatu, na fi minti goma ina juya allon nan. Ja da rawaya da kore sun dushe, amma zanen bai goge ba, gida-gida, kowane kusurwa ta amsa 'yar'uwarta. A tsakiya ga baƙaƙe masu kauri, zaune daram a kan layi kamar an dasa su. Wanda ya yi aikin nan ba shi da rula, ba shi da kwamfuta, alƙalami ne kawai da kurtun tawada da natsuwa. Na tambayi Baba sunan mai zayyanar, ya ce wallahi ya manta, wani gardi ne dai.

A cikin makon nan kuma sai wani abokina mai son kallon kayan tarihi a intanet ya turo mani hoton wani abu da ke ajiye a babban gidan tarihi na Metropolitan da ke birnin Niyok a Amurka. Dogon ƙyallen alharini ne da ake naɗewa kamar tabarma, an ƙawata shi da ruwan zinare, aka rubuta waƙoƙi 12 a kansa da baƙar tawada. Wani Bajapane mai suna Hon'ami Koetsu ne ya rubuta shi wajejen 1620. Abubuwan nan biyu, allon Baba da ƙyallen Koetsu, su suka sa na ɗauki biro yau. Tambayata ɗaya ce: me ya sa waƙar Japanawa ta sami riga ta alfarma har duniya ke zuwa kallonta, mu kuma tamu waƙar muka bar ta tsirara a kan takardar jarida?

Su ma "waka" suke ce mata

Abin dariya, sunan irin wannan waƙa ta fadar Japan shi ne "waka". Kada wani manazarci ya yi wuf ya ce ai daga Hausa suka ara, ko ya ce Japanawa 'yan'uwanmu ne da suka ɓata. Dace ne kawai. A harshensu kalmar tana nufin waƙar Japan, don a bambanta ta da waƙar Sin da malamansu ke yi. Gajeruwa ce ƙwarai, gaɓa 31 kacal, a kashi biyar: 5, 7, 5, 7, 7. Wato duk waƙar ba ta kai baiti guda na ƙwar biyar irin tamu tsawo ba. Jigoginta kuwa ba su wuce sauyin yanayi, furanni, wata, soyayya, rabuwa da tafiya ba.

A zamanin da ake kira Heian, daga 794 zuwa 1185, lokacin da fadar ke birnin da yanzu ake ce wa Kiyoto, wanda bai iya tsara irin wannan waƙa ba bai cika mutum ba a idon fadawa. Wajejen 905 Sarki Daigo ya ba da umarni aka tattara waƙoƙi sama da 1,100 a kundi ɗaya mai suna Kokinshu, kuma cikin waɗanda suka yi aikin akwai Ki no Tsurayuki. Shekara 300 bayan nan, a 1205, aka yi wani kundin, Shin Kokinshu, wanda shahararren mawaƙi Fujiwara no Teika yana cikin masu tace shi. Daga wannan na biyun ne Koetsu ya zaɓo waƙoƙinsa 12. Ka lura, tsakaninsa da kundin akwai shekara 400. Bai tsara ko ɗango ɗaya ba, kwafa kawai ya yi, amma yau sunansa ne a jikin aikin, kuma hannunsa ake zuwa kallo.

Wani abin da ya burge ni shi ne asalin rubutun. Maza masu mulki da baƙaƙen Sin suke rubuta harkokin gwamnati da na ilimi, kamar dai yadda malamanmu suka riƙi Larabci. Daga jikin baƙaƙen Sin ɗin nan aka sassaƙo wasu masu sauƙi da ake kira kana, don rubuta harshen gida. Da yake mata ne suka fi amfani da su, sai aka laƙaba musu "hannun mata". To mene ne wannan in ba ajami ba? Bambancin shi ne su ba su raina nasu ajamin ba. Da shi Murasaki Shikibu ta rubuta labarin Genji a farkon ƙarni na 11, kuma a cikin labarin za ka ga namiji yana auna hankalin mace da tarbiyyarta daga kyan hannunta da irin takardar da ta zaɓa ta aiko masa da amsa, tun bai taɓa ganin fuskarta ba.

Yadda ake aikin ma abin nazari ne. Tawadarsu daga kunkunniyar itace ko ta mai ake yin ta, a kwaɓa da danƙon fatar dabba, a busar ta zama sanda, sai ranar rubutu a goga ta a kan dutse da ɗan ruwa. Alƙalaminsu buroshi ne na gashin dabba. Alharini kuwa ba ya karɓar tawada da sauƙi, in ba a gyara shi ba sai ta malale. Don haka sukan shafe shi da ruwan danƙo da alimun, wannan da muke jefawa a ruwa don ya kwanta. Ka san sunan wannan haɗin a bakinsu? "Dosa". Da na ga haka sai na ce to, ashe unguwarmu ma ta shiga tarihin Japan ba mu sani ba!

Ni ba na jin Japananci, ko harafi ɗaya ban iya karantawa ba. Duk da haka da na ƙura wa aikin Koetsu ido na ga abubuwa uku. Na farko, layukan ba su fara a wuri ɗaya ba. Rubutunsu daga sama yake gangarowa ƙasa, layuka kuma su tafi daga dama zuwa hagu, to sai ka ga wannan ya faro daga can sama, na kusa da shi daga tsakiya, wani kuma an bar fili fetal kafin a kai gare shi. Suna da suna ga wannan salo, ma'anarsa warwatsa rubutu. Na biyu, tawadar ba ta tafiya da nauyi ɗaya. Inda ya tsoma buroshi sai harafi ya fito baƙi ƙirin, mai ƙiba, daga nan ya yi ta sirancewa har ya koma kamar zare, saƙar ƙyallen tana leƙowa ta cikinsa. Na uku, adon zinaren bai danne rubutun ba, rubutun ma bai yi kamar bai ga adon ba. Ido yana tafiya, ya tsaya, ya ja numfashi, ya ci gaba. Wato abin da mai rera waƙa ke yi da murya, shi Koetsu ya yi da hannu.

Koetsu ya rayu daga 1558 zuwa 1637, kuma gidansu masu wasa takubba ne da tantance ingancinsu. Yana da abokin aiki mai zane, Tawaraya Sotatsu. Akwai wani aikinsu na takarda a gidan tarihin Kiyoto mai tsawon sama da mita 13, inda Sotatsu ya zana garken tsuntsaye dangin gauraka da zinare da azurfa, Koetsu ya bi ya rubuta waƙoƙin mawaƙa 36 a kansu. A 1615 mai mulkin ƙasar, Tokugawa Ieyasu, ya ba shi fili a Takagamine, arewa da Kiyoto, ya tara masu sana'a suka zauna tare. Ka ji inda hukuma ta san darajar hannu.

Mu ma fa muna da hannu

Kada mai karatu ya ɗauka ina cikin masu cewa komai na waje ya fi na gida. Ko kusa. In ana maganar rubutun hannu, ƙasar nan ba ƙanwar lasa ba ce. Turawan da suka isa Kukawa a 1823, su Denham, sun rubuta cewa ana fitar da Alƙur'anan da aka rubuta a Barno zuwa Arewacin Afirka da Masar ana sayarwa da tsada. Wani masani, A.D.H. Bivar, ya ɗauki hoton wani Alƙur'ani na Barno mai ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669, wato shekara 32 kacal bayan mutuwar Koetsu. Masana irin su Andrea Brigaglia sun yi rubuce-rubuce a kan hannun Barnawi da na Kanawi, suka nuna yadda zuwan injin buga hoton rubutu ya yaɗa hannun Kano a kasuwanni. Duk wanda ya yi makarantar allo ya taɓa riƙe irin waɗannan bugu: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala. Marigayi Sharif Bala Gabari na Kano ya yi suna ne da Alƙur'anan da ya rubuta da hannunsa aka buga su, suka bazu a ƙasar Hausa da maƙwabta.

Dubi yadda alaramma ke aikinsa. Shi ke feƙe alƙalaminsa, ya san irin bakin da zai ba shi kaurin da yake so. Tawadar allo daban, wadda za ta wanku, ta takarda daban, wadda ake dafawa da bagaruwa don ta zauna har jikoki. Baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza ɗigon rawaya, alifin sadarwa ɗigon kore. Ƙarshen aya da alamarta, kumsa a aya ta biyar, kuri a ta goma. Sumuni, rubu'i, nusufi da izu kowanne da adonsa a gefe. Takardar da magabata suka fi so ita ce mai tambarin wata uku, wadda ake yi a Italiya, ta biyo ta Tarabulus ko Masar ta keto Sahara. Ba a ɗinke warƙoƙin, sai dai a rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda aka gama don kada su rikice, a haɗa a tadarishi, a zura a gafaka. Kuma duk wannan da ka yake yi, ba ya kallon wani littafi. Koetsu fa waƙa 12 ya kwafa. Alaramma izu 60 yake zubowa daga ƙirjinsa.

Ko sunayen da muka raɗa wa baƙaƙe sun isa shaida cewa Bahaushe yana kallon harafi a matsayin sura mai rai: ba guje, lam jaye, nun guda, ha kuri, jim ƙarami koma baya, ain baki wofi, ain likkafa. Wanda ya dubi harafi ya ga likkafar doki, ai ba za a ce masa ba shi da idon zane ba.

Alharinin ma muna da shi. Akwai tsamiya, silikinmu na daji, akwai kuma alharini mai launin ja da fatake ke kawowa daga arewa. Da su ake yi wa manyan riguna aiki, aska biyu, aska takwas, malum-malum. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma yi dogon bincike a kan ɗinkin Hausa, ya nuna cewa da yawa daga masu zana wa riga aiki kafin a bi da allura malamai ne da almajirai, da alƙalami da tawada suke zanawa. Ashe ke nan hannun da ke zayyana allo shi ke zana gaban riga. Ga alƙalami, ga siliki, ga gwanaye, ga kuma waƙa. Abin da ban gani ba shi ne inda huɗun nan suka haɗu.

Inda gizo ke saƙa

Sarakuna mawaƙa ai mun yi su. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello duk sun yi waƙa. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajis ɗinta suna ɗaukar waƙoƙin zuwa ƙauyuka suna koya wa mata 'yan taru. A nan kusa da mu kuwa ga Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mai "Tabarƙoƙo", wanda ya hau gado a 1903, Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1924. A zamaninsa ne aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, a 1917, a cikin ƙasar da yake sarauta. In akwai waƙar fada a wajenmu, to tasa ce. Amma ɗalibi nawa ne a yau ya taɓa ganin waƙarsa a cikin baƙaƙen da aka fara rubuta ta? Abin da muka sani shi ne boko, a littafin makaranta, ko a kwafin hoto da ya sha injin har wasu layukan sun shafe.

A iya abin da na gani na tsofaffin takardu, malamanmu sun kasa hannunsu kashi uku. Mafi kyau na Alƙur'ani ne, kuma haka ya dace, babu mai ja. Mai bi masa na littattafan yabon Annabi ne da salati, irin su Dala'ilu da Ishiriniya ta Alfazazi, waɗannan ma sukan sami ja da rawaya da ado. Waƙar Hausa kuwa galibi hannun yau da kullum take samu, a matse layuka don takarda ta isa, in an yi mata gata a ɗiga ja a tsakanin ɗango da ɗango. Wato tun kafin Bature ya zo, harshen gida shi ne ɗan bora a gidan rubutu. Wannan laifin ba na Lugga ba ne, namu ne.

Sai boko ya zo ya ƙarasa ta. Daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano a 1909, zuwa Hukumar Talifi ta Zariya, zuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, an yi wa Hausa hidimar da ba za a manta ba, kuma da wannan bokon nake rubutu yanzu, ba zan yi butulci ba. To amma akwai abin da ya zube a hanya. Ɗauki ramzi. Mawaƙi yakan rufe waƙarsa da wata kalma wadda in ka lissafa baƙaƙenta da hisabi za ta ba ka shekarar da ya yi ta. Da ka juya ta zuwa boko, lissafin ya mutu, sai ta zama wata baƙuwar kalma da yaro zai haddace don jarrabawa bai san me take yi a wurin ba. Ɗauki amsa-amo. A ajami, harafin ƙafiya yana sauka ne a gefen hagu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, marubuci ya ja shi ya miƙe, tun kafin ka karanta idonka ya gaya maka da wane harafi aka gina waƙar. Shi ya sa ake ce wa wata Daliyya, wata Mimiyya. Ishiriniya kanta a kan jerin baƙaƙe aka tsara ta, kowane harafi da baiti 20.

Nan ne nake da ƙorafi a kan manazartanmu. Buɗe kowane kundin digiri a kan rubutacciyar waƙa, za ka tarar da layi ɗaya ake bi: tarihin mawaƙi, jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe. Madalla. Amma an ce mata "rubutacciya", kuma ba a cewa uffan a kan rubutun. Wa ya kwafe ta? Hannun Kano ne ko na Sakkwato ko na Barno? A wace takarda? Me aka rubuta a gefe? Mun ɗauki waƙa kamar ruwa, duk kwanon da aka zuba ta ɗaya ne. Lokacin da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukan Nana Asma'u a 1997, sun haɗa da hotunan takardun ajamin. Jami'ar Boston ta Amurka ma ta ɗauki hotunan takardun ajamin Hausa masu yawa ta zuba a intanet. Mu masu abin fa?

Ga Gidan Arewa nan a kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970, marigayi Farfesa Abdullahi Smith ya fara jagorantarta. Daga Unguwar Dosa tafiyar 'yan mintoci ce a Keke Napep. Akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu a can, akwai kuma a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke cikin garin nan. Tambayi marubutan da muke haɗuwa da su a taron ƙaddamar da littafi, mutum nawa ne ya taɓa zuwa don kawai ya kalli hannun magabata? Ni kaina sai da na girma na je, kuma kunya ta kama ni.

'Yan fim kuwa, Allah Ya shirye mu baki ɗaya. Yaushe ne kyamara ke nuna allo da tawada a finafinanmu? Sai an je wajen malamin tsibbu, kishiya za ta karɓo rubutun sha. A nuna wani ɗan wasa ya yi rawani ya karkace, yana yaƙushin allo da abin da ba baƙi ba wasali, ga ƙwarya ga hayaƙi. Yaron da ya tashi da irin wannan kallo, me kake so ya ɗauki rubutun hannu? Sunan fim kuma da sunayen 'yan wasa, duk baƙaƙen kwamfuta ne masu walƙiya da juyi, irin na kowa da kowa. Kalli finafinan Japan, sau da yawa sunan fim da buroshi ake rubuta shi, kana gani ka san daga inda ya fito. Furodusan da zai kashe kuɗi a kan kayan rawa kala bakwai, me zai rage shi in ya biya alaramma ya rubuta masa sunan fim ɗinsa da ajami?

A yi adalci

Na san za a ce da ni, Malam, waƙar Hausa ta kunne ce. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, bai taɓa ganin harafi ba, amma "Imfiraji" ta shiga inda zinaren Koetsu ba zai taɓa shiga ba: zaure, kasuwa, tasha, bakin makafi masu bara. Matan da jajis suka koya wa waƙoƙin Nana a ƙirji suka ajiye su. Malamanmu don isar da saƙo suke waƙa, kuma mai wa'azi da ke son talaka ya ji ba zai tsaya neman ruwan zinare ba. Akwai ma tsoron almubazzaranci, ga shi kuma shari'a ta hana maza sa alharini.

Su ma Japanawan ba a rasa su da abin faɗa. Wannan ado na 'yan tsiraru ne a fada, manomin da ke ciyar da su bai san ana yi ba. Yawancin Japanawan yau ba sa iya karanta irin wancan rubutu sai an koya musu na musamman, don haka kallo suke yi kamar yadda ni ma na yi. Son abin ma ya kai su ga ɓarna. Akwai wani kundin waƙoƙin mawaƙa 36 da aka yi wajejen 1112 a kan takardu na gani na faɗa, yana ajiye a wurin ibadarsu na Nishi Honganji. A 1929 aka ɗauki littafi biyu daga ciki aka warware su warƙa-warƙa aka sayar wa attajirai, kowa ya rataye tasa a ɗakin shan shayi. Waƙar da aka raba ta da 'yan'uwanta don ado, an girmama ta ne ko an yanka ta?

Duk na yarda. Sai dai kunnen nan da muke taƙama da shi, yana nan? Yaushe rabon da ka ji makaho yana rera "Imfiraji" a ƙofar gidanku? Idan murya ta yi rauni, takarda ce ke riƙe waƙa, kuma takardar da ba ta da kyan gani ba mai adana ta, ƙarshenta ƙunshin ƙosai. Japanawa sun gane haka. Har gobe yaransu na firamare suna koyon rubutu da buroshi, kuma kowane watan Janairu ana taron karatun waƙa a fadar sarkinsu, inda talakawa ke aiko da nasu, bisa al'ada a rubuce da buroshi. Mu kuwa a 2007 aka cire ajami daga naira 5, 10, 20 da 50, a 2014 aka cire daga sabuwar naira 100. Mun yi ta hayaniya a jaridu, amma cikin masu hayaniyar nawa ne za su iya rubuta wa mahaifiyarsu wasiƙa da shi? A 2021 hukumar UNESCO ta sa fasahar rubutun Larabci cikin jerin al'adun duniya bisa buƙatar ƙasashe 16, har da Sudan da Muritaniya, babu Nijeriya. Hawan dabar Kano ya shiga jerin a 2024, mun yi murna. Doki ya samu shiga, alƙalami yana waje.

Ban ce a koma jiya ba, ban kuma ce a kwaikwayi Japan ido rufe ba. Warwatsa layi irin na Koetsu ba zai karɓi baƙinmu ba, domin kyan hannun Kanawi a nauyinsa yake da zamansa a kan layi. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Mawallafi ɗaya ya yi ƙarfin hali ya fitar da waƙoƙin Aliyu ɗan Sidi ko na Nana, shafin dama hannun alaramma da zayyanarsa, shafin hagu boko, kuma a buga sunan mai hannun a bango kusa da na mawaƙin. Sassan Hausa na jami'o'inmu su ƙara babi ɗaya a nazarin waƙa, babin takarda da hannu. Yadda ake musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa tun 1986, masu hali su sa kyauta mai tsoka a kan rubutu da zayyana. Mawaƙanmu na zamani da ke cika dandali da baitoci ta waya, kowa ya nemi gardi ɗaya a tsangayar unguwarsu ya biya shi ya rubuta masa waƙarsa mafi soyuwa, ya rataye a falo maimakon firem ɗin roba da aka shigo da shi daga waje. Ko Mus'hafin Madina da ke hannun kowa yanzu, ai mutum ne ya zauna ya rubuta shi da hannu, Usman Taha, kuma duniya ta san sunansa. Namu gwanayen fa, sai yaushe?

Da aka tashi daga walima na ga Baba ya naɗe allonsa a cikin wani tsohon zane ya saƙale a hammata. Na ce masa, "Baba, don Allah a adana shi da kyau." Ya ce, "Ɗana, ni dai na adana nawa. Bayan raina kuma ban san wanda zai karɓa ba." Jikar tasa tana gefe tana duba hotunanta a waya. Na roƙe shi in dawo da mai hoto na kaina, mu ɗauki allon a cikin hasken rana, ita kuma yarinyar ta riƙe. Ya ce in zo ranar Asabar bayan La'asar. In Allah Ya kai mu zan je.

Allah Ya ji ƙan gardin nan da ba mu san sunansa ba, Ya sa mu gane darajar abin da ke hannunmu tun bai suɓuce ba.